Matar da Ta Taya Ɓarayinta Lodi

A unguwar da ke rataye a jikin tudun Manizales, inda titi yake miƙewa tsaye har ya gaji ya koma matakala, kowa ya san Doña Herminia Cardona mai ɗinki. Ba wai ɗinkinta ya fi na kowa ba ne. Ƙofarta aka fi sani. Gari ne na hazo, rana ba ta cika sakin fuska ba, ita kuma idonta ya fara rauni, shi ya sa tun da safe take jawo keken ɗinkinta har bakin ƙofa, ta wangale ta saboda haske. Mai hawa tudun da mai gangarowa duk sai sun ga kanta a sunkuye, tabarau a ƙarshen hanci, allurai a leɓe. Daga bayanta kuma, a kan murhun gas, tukunyar gahawa da mazarƙwaila ba ta hucewa.

A gonar gahawa aka haife ta, can bayan Aranzazu, a wani gidan katako da ke bakin hanyar alfadarai. Mahaifiyarta Tulia ba ta taɓa shiga aji ba, amma tana da doka guda mai baki biyu. Na farko, ba a wuce ƙofarta da busasshen maƙogwaro. Na biyu, abin da mutum ya miƙo maka da hannunsa ka karɓa, ko da kurɓi ɗaya za ka yi. Herminia tana 'yar ƙarama ta taɓa ƙin shan kunun masara a bukkar wani mai tsinkar gahawa, saboda ta ga ƙuda ya faɗa ciki an tsame. Uwar ta bari sai da suka iso gida, sannan ta kama kafaɗarta ta juya ta.

"Kin san abin da kika gaya wa bawan Allahn nan? Kin ce masa ƙazami, ko kuwa mugu. Wanne kika gani a jikinsa? Maza koma ki sha, ki ce masa Allah ya saka."

Ta koma tana kuka, ta sha. Har ta yi furfura ba ta ƙara ƙin abin hannun mutum ba.

Aure ne ya kawo ta birni. Mijinta Gildardo direban bas ne, mai yawan dariya da ƙarancin ajiya, kuma bai yi tsawon rai ba. Wata rana yana wanke mota zuciyarsa ta tsaya, ya bar ta da ɗa ɗaya, Wílmer, da ɗan gidan nan mai ɗaki biyu, da wani baƙin keken ɗinki na ƙarfe da ya sayo mata na hannu. A kan keken nan ta yi komai. Kayan makarantar yaran unguwa, labulen coci, rage wando, juya kwalar riga idan ta cinye, rigunan amare da na biki. Da shi Wílmer ya yi karatu har ya sami aiki a Pereira, ya yi aure, ya kama gida a ɗaya daga cikin dogayen benayen nan masu maigadi a ƙofa.

Tsallaken titi akwai kantin Ovidio Giraldo. Shi ya riƙe Wílmer ranar baftisma, don haka shi da Herminia suke kiran juna compadre da comadre. Kullum kafin ya buɗe kanti sai ya tsallako ya jingina da ƙofarta, kofinsa a hannu.

"Comadre, yau ma ruwan wankin safa aka dafa mana?"

"Mai shan na banza ba ya zaɓe. Miƙo kofin."

"Ave María! Bakin nan naki ya fi almakashinki kaifi. Shi ya sa marigayi ya yi gaba da wuri."

"Gaba ya yi don kar ya ƙara ganin fuskarka da sassafe."

Ya yi dariya har ya ƙware, ya shanye, ya miƙo a ƙara.

Kada a ɗauka ba ta san birni ba. Ta san dokar da ake koya wa kowane yaro tun bai iya ɗaura takalmi ba: kar ka ba da gwanda. Wanda ya fito da waya a titi aka fizge, ya ba da gwanda. Wadda ta rataya jaka ta baya a cikin bas, ita ma ta bayar. Wanda aka miƙa wa gwanda kuwa yanka ta zai yi, ba a tambayarsa dalili. Herminia in za ta kasuwa takan cire 'yan kunnenta, ta cusa 'yar jakarta a ƙirji, ta bi tsakiyar jama'a. Sai dai a wajenta wannan dokar titi ce. Ba ta taɓa zaton za ta hau matakala ta biyo mutum har falonsa ba.

A lokacin ruwa ne wata mata ta fara zuwa wajenta. Ba yarinya ba, ba tsohuwa ba, mai ɗan jiki, da siririyar sarƙar giciye a wuya. Ta ce sunanta Marleny, ta kawo shuɗin yadi a ɗinka mata siket. Ta dawo gwaji, ta zauna ta sha gahawa ta yaba, ta ce irin ta ƙauye ce, rabonta da ita tun rasuwar kakarta. Da hira ta yi hira, ashe kakar ma 'yar wajen Aranzazu ce. Daga baya Herminia ta yi ta juya wannan a ranta, ta kasa tuna wanda ya fara ambatar sunan garin, ita ko matar.

Zuwa na uku, bayan abincin rana, Marleny ta zo karɓar siket da wata takarda mai maiƙo a hannu.

"Uwata, kullum ni ce mai sha a gidanki. Yau kam sai kin ci nawa. Buñuelo ne, ƙosan cuku, yanzu aka tsamo su daga mai, taɓa ki ji zafi."

"Haba mija, 'yata, me ya sa kika wahalar da kanki?"

"Wahalar me? Ɗauki wannan babban, ya fi cuku."

Ta ɗauka. A cizo na biyu ta ji ɗan ɗaci can ƙasan harshe, ta ce a ranta man ya kwana. Matar na kallonta tana murmushi. Herminia ta cinye shi tas don kar ta ba ta kunya.

Iyakar abin da ta sani ke nan game da wannan rana.

Washegari ta farka a gadon asibiti, bakinta a bushe kamar ta ci toka, haske na sukar idonta, ana yi mata ƙarin ruwa. Wani mai sayar da furanni ne ya tsince ta zaune a matakalar wani coci can ɗaya gefen gari, da takalmi ƙafa ɗaya, tana ta tsintar abin da babu shi a jikin siket ɗinta. Likita ta ce burundanga ce, garin zaƙamin nan da ke kashe wa mutum a'a, ya bar masa ƙafa da hannu da baki. Ta ce an ba ta da yawa, da sauran kwana ne kawai.

Ragowar ranar kuwa a bakin maƙwabta ta same ta, guntu-guntu, kowa da nasa. An ga wata a-kori-kura ta tsaya da maza biyu. An ga Doña Herminia da kanta ta fito rungume da talabijin. An ga ta koma ta sauko da kayan mutane da ke rataye, ta ninke su ɗaya bayan ɗaya kafin ta miƙa. Ta cire zoben aurenta ta bayar. Ta nuna musu inda tukunyar gas take. Da wata maƙwabciya ta leƙo ta taga ta ce, "Lafiya, Doña Herminia?" sai ta ɗaga mata hannu tana dariya, ta ce 'yan'uwa ne daga ƙauye, gyara za su kai. Keken kuwa ya yi wa mazan biyu nauyi a kan matakala, sai ta ƙwala wa Ovidio kira, ya baro kanti ya kama musu gefe ɗaya.

Duk mai ba ta labarin in ya zo daidai nan sai ya danne dariya. Wasu su kasa.

Wílmer ya taho daga Pereira ya kai ta caji ofis. Ɗan sandan matashi ne mai ladabi, har da jawo mata kujera.

"An fasa ƙofa?"

"A'a."

"An nuna miki makami?"

"A'a, ɗana."

"Kin san matar?"

"Ta ce sunanta Marleny."

"Marleny wa? A ina take zaune?"

Herminia ba ta taɓa tambaya ba. Faɗin ƙugun matar ta sani, da tsawon siket ɗinta.

"Wato dai, uwa, baƙuwa ta miƙo miki abu kin ci." Ya juya wajen Wílmer ya rage murya, kamar ba ta wurin. "Za mu rubuta, amma ka san yadda abin yake. Su waɗannan sana'arsu ke nan, ba sa hutu. Mu ne za mu kula. Gwanda aka ba su, har da wuƙa."

Wílmer ya gyaɗa kai. Maganar ɗan sandan ba ta yi mata ciwo kamar wannan gyaɗa kan ba.

Ta dawo ta tarar da falo wayam. A bakin ƙofa akwai tabo huɗu a jikin siminti, inda ƙafafun keken suka yi shekaru suna ci. Ta jawo kujerarta ta zauna a wurin saboda sabo, hannuwanta a cinya, ba su san abin da za su kama ba.

Masu jaje sun zo, wasu da lemo, wasu da romo a kwano. Babu wanda ya ce ɓarayin sun kyauta. Kawai dai ba a maganarsu. An ɗauke su kamar ruwan sama, wanda in ya jiƙa ka sai a tambaye ka ina lemarka. Kowa da sannunsa, kowace sannu kuma da amma a wutsiyarta. Sannu, Allah ya kiyaye gaba, amma ke ma da girmanki. Sannu, amma ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta lura waɗanda suka fi tsananta mata su ne waɗanda suka fi tsorata. Mace za ta zauna tana jero mata kurakuranta tana waiwayen ƙofar gidanta, kamar mai tabbatar wa kanta ita ba za ta taɓa yin ko ɗaya ba.

Ita ma in sun watse sai ta ɗora daga inda suka tsaya. Ta nemi laifin nan da gaske, kamar yadda take neman allura in ta faɗi. Buɗe ƙofa ne? Ba baƙuwa kujera ne? Cinye abin da aka miƙo mata ne? Duk inda ta taɓa sai ta tarar abin da aka koya mata ne da sunan mutunci. Ta rasa yadda aka yi ya zama wauta ba tare da wani ya zo ya sanar da ita ba.

Wata mai kawo mata ɗinki, Luz Dary, ita kaɗai ce ba ta ɓata lokaci a kan sannu ba. Rigar bikin cikar 'yarta shekara goma sha biyar tana cikin kayan da aka ninke aka miƙa, ruwan hoda ce mai duwatsu, an gama ta saura kalmasa.

"Ni ba faɗa ya kawo ni ba, Doña Herminia. Amma yarinyar nan ta ƙi ci ta ƙi sha. Me zan ce mata? Da fasa gidan aka yi sai in ce ƙaddara. Amma an ce ke kika sa musu ita a leda don kar ta yi ƙura!"

"Ban sani ba, mija. Ban san na yi ba."

"To ai shi ne. Kayan mutane a hannunki, kina cin abin kowa da kowa."

Herminia ta ce za ta ɗinka wata, ko da hannu ne. Luz Dary ta ce a bar shi, ta riga ta kai wa wata a cikin gari mai shago da ƙofar gilashi.

Wílmer ya ɗauki hutu ya zauna da ita. Yana son uwarsa, wannan babu tantama. Ta ji shi yana kuka a banɗaki, ya saki famfo don kar ta ji. Amma tsoro ya mayar da shi mafaɗaci.

"Amá, sau nawa? Sau nawa na ce ki rufe ƙofar nan?"

"In na rufe da me zan ga zare?"

"Akwai lantarki! Kuma wa ke cin abin hannun wanda bai sani ba a ƙasar nan? Yarana ma sun san wannan."

"Na san ta, mijo, ɗana. Ta sha zuwa."

"Ta sha zuwa! Da kin mutu a matakalar cocin can fa? In ce wa yarana kakarsu ta mutu saboda kunyar buñuelo?"

Ya ce tafiya zai yi da ita Pereira. Akwai ɗaki, akwai maigadi, babu mai hawowa sai an yi waya sama an tambaya. Gidan kuma a zuba 'yan haya. Ta ce babu inda za ta. A nan Gildardo ya bar ta, a nan in ta fita ake kiran sunanta, keke kuwa ko na aro za ta samu. Suka yi ta ja, har ya gaji ya ce to shi ba zai yanke shi kaɗai ba. Ranar Lahadi zai kira uban baftismarsa Ovidio, mai ganinta kullum. In shi ya ce za ta iya zama ita kaɗai, shi ke nan, a sa wa gidan ƙofar ƙarfe a bar ta.

Ovidio kuwa tun ranar da abin ya faru bai ƙara tsallakowa da kofinsa ba. Sai ita ta tsallaka. Ta same shi yana jera ƙwai, babu kowa a kantin.

"Compadre, yaji ka yi ne? Ko ka sami mai dafa maka wadda ta fi tawa?"

"Aiki ne, comadre, aiki."

"Aikin me? Ko ƙuda ba ya shigowa nan da rana."

Bai yi dariya ba. Ta dafa teburin kantin ta rage murya.

"Kowa a titin nan yana da ranar nan, ban da ni. Kai ka tsaya kusa da ni. Yaya nake?"

Ya daɗe yana juya ƙwai ɗaya a hannu.

"Idonki," ya ce. "Baƙin ya cinye shi duka, kamar na kyanwa a duhu. Kuma kin kira ni Gildardo."

"Gildardo?"

"Kika ce, Gildardo, kama musu mana, ka tsaya kamar gunki. Na ce a raina ko 'yan'uwan sun zo da kwalba kin ɗan taɓa. Amma ai na san ba kya sha. Na sani." Ya ajiye ƙwan a hankali. "Ɗaya daga cikinsu ya dube ni, hannunsa a cikin riga. Ban san ko akwai wani abu a ciki ba, comadre, har yau ban sani ba. Na kama keken na sa musu a mota, na dawo nan na ce ba ruwana. Ina kallo ta tagar nan suka sa ki a gaba suka tafi."

Ta jira haushi ya zo, bai zo ba. Wani sauƙi ne ya sauko mata tun daga wuya har gwiwa. Ga mutum ɗaya da ya san abin da ya faru a titin nan ba sakarcin tsohuwa ba ne. Mutane ne suka zo da shiri da mugunta, har namiji mai lafiya, da hankalinsa, bai ci komai ba, ya ji tsoro ya bi.

"Ka gaya wa Wílmer haka. Yadda ka gaya mini."

"Comadre…"

"Ba don a zarge ka ba. Ni ma da na ga hannu a riga da na kama keken. So nake kawai ya ji ba ni kaɗai suka fi ƙarfi ba."

Ya share fuska da tafin hannu, ya ce to.

Ranar Lahadi ta aro tukunyar gas ta dafa farfesun kaza da rogo da ɗanyar ayaba, irin wanda Wílmer yake so tun yana yaro. Ovidio ya zo da gogaggiyar riga, ya taje gashi. Suka zauna su uku. An yi maganar ruwan sama, an yi ta ƙwallo, sannan Wílmer ya ture kwanonsa gefe, ya dubi uban baftismarsa.

"Padrino, kafin mu zo kan maganar zama, akwai abin da ke ci mini rai. Titi cike da mutane, rana tsaka, a kwashe gidan tsohuwa a tafi da ita, a ce babu wanda ya lura? Na rantse, da zan san akwai wanda ya gane ya yi shiru, ba zan ƙara kallon fuskarsa ba har in mutu."

Ovidio ya ajiye cokali. Ya goge baki, ya ƙara gogewa. Herminia tana kallonsa, shi yana kallon rogon da ke cikin kwanonsa.

"Wa zai gane, mijo? Lafiyarta ƙalau. Tana ta dariya, tana ba da umarni kamar kullum. Ai ni da na ga alama ko ƙanƙanuwa, sai dai su bi ta kan gawata." Da ya ji muryarsa ta tsaya daidai sai ya ci gaba, maganar na ƙara zuwar masa da sauƙi. "Ni dai na sha gaya mata. Comadre, rufe ƙofar nan. Comadre, zamani ya canza, ba kowa ake ba kujera ba. Amma ka san uwarka. Zuciya ta yi kyau da yawa, ga kuma shekaru. In ka bi ta tawa, kusa da kai ya fi."

Bai taɓa gaya mata ba, ko sau ɗaya. A jikin ƙofar nan yake jingina ya sha gahawarsa.

Ta buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshenta, gajera ce, kuma za ta iya bar mata gidanta. Ta dubi ɗanta. Ta dubi mutumin da ya riƙe shi yana jariri a gaban limamin coci, wanda ya ɗauki akwatin gawar Gildardo a kafaɗa ya hau tudun nan da shi. In ta faɗa, Wílmer zai cika rantsuwarsa. Kafin yamma labari ya zaga, unguwa ta sami sabon wanda za ta nuna da baki, shi kuma ya zauna a kantin nan sauran rayuwarsa ana danne dariya in an zo sayen ƙwai. Ta san nauyin abin, a kanta yake. Kuma ma wa zai yarda da matar da ba ta tuna komai, in ta ce ta san abin da wani ya gani?

"In ƙaro romo, compadre?" ta ce.

Ya miƙo kwanon bai ɗago ba.

Kayanta ba su cika bayan motar Wílmer ba, ɓarayi sun rage mata aikin haɗawa. Maƙwabta suka fito ƙofa-ƙofa suna ɗaga hannu, wasu na share hawaye, suna cewa haka ya fi mata. Kantin tsallake a rufe yake da safen nan. An ce mai shi ya tafi saro kaya.

Yanzu tana Pereira, can sama, a ɗakin da tagarsa ke kallon tagogin wasu mutane. Surukarta Yesenia ba ta da mugunta, tana kiranta Doña Herminia, tana sayo mata maganin ido a kan lokaci. Wílmer ya sayo mata sabon keke na lantarki, fari, mara nauyi, yaro ma ya ɗauka da hannu ɗaya. Takan rage wandon jikokinta da shi. In ya ƙare ta lulluɓe shi. Babu mai wucewa ta ƙofar nan, balle ya leƙo. In ta sauka shan iska maigadi yakan gaishe ta da ladabi, ya kira ta mahaifiyar mai ɗaki kaza.

Ranakun Lahadi baƙi kan zo, 'yan'uwan Yesenia da abokan aikin Wílmer da 'ya'yansu masu tasowa. In an ci an ƙoshi, sai wani ya kawo maganar wayar da aka fizge ko motar da aka fasa, Yesenia ta taɓa hannunta.

"Doña Herminia, ba su labarin buñuelo. Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, ku da kuke ganin kun fi kowa wayo. Gani ga wane ya ishi wane."

Da farko takan faɗe shi yadda yake a wajenta, ɗan ɗacin nan a ƙasan harshe, da farkawa ba ta san inda ranarta ta tafi ba. Sai falon ya yi tsit, mutane su riƙa gyara zama suna duban agogo. A hankali ta gane yadda ake son sa. Yanzu ta iya. Takan miƙe ta kwaikwayi kanta rungume da talabijin, ta nuna yadda ta ninke wa ɓarayi riguna, har da ledar da ta sa don kar ta yi ƙura. Yara su yi ta dariya har da faɗuwa, manya na girgiza kai suna share ido. Kafin wani ya faɗa sai ta riga shi.

"Ni na ba da gwanda, 'ya'yana. Nunanniya kuwa."

Wílmer yakan ji daɗi in ya ga haka. Yakan ce wa matarsa tsohuwa ta warware.

Wuri ɗaya ne take wucewa da sauri, wajen keken da matakala. Takan ce wani mai wucewa ne ya kama musu. Wata Lahadi wata baƙuwa, ƙanwar Yesenia, ba ta yi dariya da sauran ba. Ta bari aka lafa, sannan ta ce, "Amma Doña Herminia, duk titin nan babu wanda ya ga ba a cikin hayyacinki kike ba?"

Wílmer ya ɗago yana jira.

"Wa zai gane, mija?" in ji ta. "Lafiyata ƙalau. Ina ta dariya."

Ta tashi ta fara tattara kofuna.